Zaɓen Ƙaramin Jirgin Iska don Yada Zango a Bakin Teku, Daga Tsakar Gida a Zariya

Ɗan yayata, wanda ke koyarwa a Samaru, ya zo mini bayan la'asar da zane-zanen jiragen ruwa guda biyar da ya buga a takarda, ya shimfiɗa su a kan tabarma a zaure, ya ce: "Kawu, tun da kai ka taɓa tuƙa irin waɗannan lokacin da kake aiki a Legas, ina so ka zaɓa mini ɗaya." Nufinsa shi ne ya mallaki ƙaramin jirgin da iska ke turawa, wanda zai ɗauki mutum biyu da guzurin kwana uku ko huɗu, a yi ta bin gaɓa da rana, idan yamma ta yi a nemi wuri mai lafawa a yada zango, a kwana a cikin jirgin ko a kan yashi. Na ce masa kafin mu dubi takarda ko ɗaya ya tashi ya auno mini faɗin ƙofar gidansu, domin jirgin mutumin Zariya zai shafe wata goma sha ɗaya na shekara a tsakar gida ne, kuma tsakaninsa da teku akwai tafiyar mota da ta haura kilomita 800. Ya dawo ya ce mita biyu da 'yan kai. Daga nan muka fara.

Akwai sassa huɗu da ya kamata mai karatu ya riƙe sunansu. Ƙyallen iska shi ne yadin da iska ke bugawa, jigo kuma shi ne dogon sandan da ke ɗauke da shi. Allon ƙasa wani faffaɗan katako ne ko ƙarfe da ake saukarwa ta tsakiyar cikin jirgi zuwa cikin ruwa, aikinsa shi ne hana jirgi zamewa gefe, kuma saboda shi ne jirgi ke iya tafiya a karkace yana fuskantar inda iska ke fitowa. Allon juyi yana baya, da shi ake karkata akalar jirgi. Masuntan tafkin Legas suna ɗinka buhuna su ɗaura a gora, iska ta tura kwale-kwalensu gida, amma da yake ba su da allon ƙasa, sai inda iska ta nufa suke iya zuwa, idan za su koma kuwa sai da filafili ko inji.

Na farko a cikin takardun shi ne Wayfarer, wanda Ian Proctor ya zana a Ingila a 1957. Tsawonsa mita 4.8, faɗinsa kusan mita 1.85, nauyin gangar jikinsa kuma wajen kilo 170. Sunansa ya yi tashe ne saboda Frank Dye, wanda ya tuƙa shi tare da abokin tafiya ɗaya daga arewacin Sikotland zuwa Aisland a 1963 cikin kwana 11, sa'an nan ya sake tsallakawa zuwa Nowe a 1964. Jirgi ne mai gudu, mai iya haurawa cikin iska fiye da duk sauran da za mu ambata, kuma mutum biyu suna kwana a daɓensa, ɗaya a kowane gefen akwatin allon ƙasa, a ƙarƙashin tamfol ɗin da ake ratayawa a kan sandar ƙyalle. Sai dai an gina shi ne a kan cewa mutum biyu ne za su zauna a gefe su danne shi da nauyinsu, jigonsa dogo ne na alminiyam da wayoyin ƙarfe ke riƙe da shi, kuma idan ya kife gaba ɗaya, ciki ya dubi sama, tayar da shi yana bukatar ƙwarewa da ƙarfi. Idan waya ɗaya ta tsinke a bakin tafkin Kainji, babu shagon da za a shiga a sayo irinta.

Na biyu shi ne Drascombe Lugger, aikin John Watkinson, tsohon hafsan sojan ruwan Birtaniya, wanda aka fara nuna wa jama'a a Landan a 1968. Wannan shi ne mafi girma a cikinsu, mita 5.7, kuma nauyinsa ya haura kilo 300. An raba ƙyallensa gida uku, ƙarami a goshi, babba a tsakiya, da wani ɗan ƙarami a can baya, babban kuma ba shi da sanda a ƙasansa, saboda haka babu abin da zai rotsa kan yaro idan iska ta juya ba zato. Allon ƙasansa na ƙarfe ne, akwai rijiyar da ake saka inji a baya, kuma jigoginsa gajeru ne da ke kwanciya a cikin jirgin idan za a hau titi. A cikin biyar ɗin, shi kaɗai ne zan iya tsayawa a daɓensa in yi salla ba tare da zuciyata tana kan tangaɗi ba, matuƙar ruwa ya lafa. David Pyle ya tuƙa irinsa daga Ingila zuwa Ostireliya a 1969 zuwa 1970, Webb Chiles kuma ya tashi da nasa daga San Diego a Amurka a 1978, ya ratsa tekun Pasifik da na Indiya, har ya shiga Bahar Maliya, inda aka tsare shi a Saudiyya a 1982 bisa zargin leƙen asiri, a Rabig, garin da alhazai suka sani saboda kusancinsa da miƙatin Juhfa.

Ɗan yayata ya tsaya a kan wannan labari idonsa na ƙyalli, sai na ƙara masa sauran. A tsakanin Fiji da Banuwatu igiyar ruwa ta wuntsila jirgin Chiles, ya cika maƙil, ruwa yana shigowa ta bakin akwatin allon ƙasa daidai da yadda yake kwarfewa, har ya shafe kusan mako biyu ruwa na tafiya da shi kafin ya ga ƙasa. An inganta waɗanda aka ƙera daga baya ta fuskar abin da ke hana nutsewa, amma nauyin bai ragu ba. Mutum biyu ba za su ja kilo 300 da ɗoriya su hau da shi tudun yashi ba, dole sai an sami gangaren da mota za ta ja baya har cikin ruwa, ko kuwa a nemi matasan gari su kama, a kuma sallame su safe da yamma. Ga shi kuma ba gwanin haurawa cikin iska ba ne, sau da yawa masu shi kan tada inji idan iska ta tsaya musu a gaba. Galibi na faiba ne da ake ƙerawa a Ingila, wato sai an yi maganar kwantena da kwastan kafin ya iso Apapa, balle Zariya.

Sauran ukun duk na filawud ne da mutum zai iya ginawa da kansa bayan ya sayi zanen, kuma a nan ne maganar ta fi shafar mu. Goat Island Skiff, na Michael Storer ɗan Ostireliya, tsawonsa mita 4.7 ne, faɗinsa mita 1.5, amma gangar jikinsa ba ta wuce kilo 60 ba, wato bai kai buhun masara ba. Ƙasansa shimfiɗaɗɗe ne, gefunansa biyu kowanne falle ɗaya, don haka kafintan da ya iya haɗa kabad mai kyau zai fahimci aikin cikin yini guda. Ƙyallensa ɗaya ne mai kusurwa huɗu, faɗinsa kusan murabba'in mita 10, yana rataye tsakanin sandar sama da ta ƙasa a jikin jigon da ke tsaye da kansa ba tare da waya ba. Wannan ƙyalle ya yi wa jirgi mai sauƙin nauyi haka yawa, abin da ya sa yake tashi a guje kamar dokin sukuwa, kuma shi ya sa yake neman mai tuƙi ya kasance a farke kowane lokaci. Wanda ke tafiya shi kaɗai sai ya aza buhunan yashi ko jarkokin ruwa a tsakiya kafin ya natsu.

Aibobinsa uku ne a wurin mai neman zango, kuma ba na son sauƙin gininsa ya rufe wa kowa ido daga gare su. Allon ƙasansa irin wanda ake sokawa ne a miƙe kamar wuƙa a kube, ba ya lanƙwashewa baya idan ya ci karo da wani abu, alhali tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar a 1968, ya shanye dazuzzuka da garuruwa har da tsohuwar Bussa, kututturai suna nan a ƙarƙashin ruwa, tafkin Legas kuma cike yake da turakun masunta da tudun laka. Karo ɗaya cikin gudu yana iya tsaga akwatin. Na biyu, idan ya kife aka tayar da shi, yakan taso da ruwa mai yawa a ciki, sai an yi ta kwarfa da bokiti yana tangaɗi kafin ya koma daidai. Na uku, kujerar tsakiya da akwatin allo sun raba daɓensa, babu inda dogon mutum zai miƙe sai an yi dabarar shimfiɗa alluna a sama. Jirgin wanda zai kwana a tudu ne, kuma zan dawo kan abin da ya sa kwana a tudu ba kullum yake samuwa ba.

SCAMP kishiyarsa ne ta kowace fuska. John Welsford ɗan Niyu Zilan ne ya zana shi a 2010 bisa bukatar wata mujallar ƙananan jirage ta Amurka mai suna Small Craft Advisor. Tsawonsa mita 3.6 kacal, faɗinsa mita 1.6, goshinsa a datse yake kamar an yanke shi da zarto, kuma duk wanda ya ga hotonsa karon farko sai ya yi murmushi. Amma an yi tunani mai zurfi a kansa. Akwai tanki a ƙarƙashin daɓe da ake cikawa da ruwa kusan kilo 80 idan an sauka, ya zama nauyin da ke daidaita jirgi, idan za a hau titi kuma a zubar, ta yadda mota ba za ta ja nauyin banza ba. An kawar da allon ƙasa daga tsakiya an ɓoye shi a jikin kujerar gefe, saboda haka daɓen ya zama fili guda da mutum zai miƙe ya yi barci. A gaba akwai 'yar rumfa da ake fakewa daga feshin ruwa da rana. Kujerun da ƙarƙashin daɓe duk akwatuna ne rufaffu masu riƙe iska, shi ya sa yake da wuyar kifewa, idan ma ya kife mutum ɗaya yana iya tayar da shi, kuma ruwan da ke saura a ciki kaɗan ne.

Kuɗin wannan natsuwa shi ne jinkiri da ƙunci. Jirgin da ba ya tashi saman ruwa yana da iyakar gudun da tsawonsa ya yanka masa: mai tsawon mita 3.5 a layin ruwa da kyar yake wuce kilomita 8 a awa, mai mita 5 kuwa yana kai kilomita 10, kuma gajere ya fi shan wahala idan ƙananan raƙuman ruwa suna dukan goshinsa a jere. Bambancin kilomita biyu a awa ba ya cika ido a takarda, amma a tafiyar awa shida ya zama kilomita 12, wato bambancin isa masauki da sauran rana da kuma lalube cikin duhu. Mutum biyu manya da kayansu za su matsu a cikinsa. Gininsa ma ya fi na Goat Island Skiff sassa da yawa nesa ba kusa ba, a ƙasashen waje ma yawanci na'ura ce ke yanko sassan a sayar a haɗe, wanda zai yanka da hannu a Zariya kuwa sai ya shirya wa watanni. Kada kuma a ɗauka ba ya jin iska: Howard Rice ya kai wanda ya ƙarfafa musamman ƙarshen kudancin Cile a 2017, iskar wurin ta fi ƙarfinsa, sojan ruwan ƙasar ne suka ɗauko shi.

Na biyar shi ne Navigator, shi ma na Welsford, mita 4.5 a tsawo, mita 1.8 a faɗi, nauyinsa wajen kilo 140. Ana gina shi da fallayen filawud masu hawa kan juna a bisa siraran katakai, yana da rufi a goshi da gefuna wanda ke kare feshi, da manyan akwatunan iska da ke zama ma'ajin kaya, allon ƙasansa kuma mai juyawa ne a kan ƙusa, idan ya taɓa ƙasa sai ya ɗaga da kansa. Ana iya yi masa ƙyalle uku irin na Lugger. Amfanin ɗan ƙaramin ƙyallen baya yana da girma ga mai zango: idan aka sauke babban aka ɗaure na bayan tamau, jirgi yakan juya goshinsa ya fuskanci iska ya tsaya shiru, mai tuƙi ya sami hannu biyu ya rage ƙyalle, ko ya ci abinci, ko ya duba taswira. Yana da yaya mai suna Pathfinder, mita 5.25, wanda ya fi shi wurin kwana amma ya haura kilo 200. Akwai wasu kyawawa da ban sa a lissafi ba, irin su Caledonia Yawl na Iain Oughtred, mai kusan mita 6, da Ilur na François Vivier ɗan Faransa, domin na farko ya yi wa tsakar gidan tsawo, na biyu kuma ya fi neman gwanin kafintan jirgi.

Wani zai ce ai a Legas ana ganin Hobie 16, mai ganga biyu, kuma ana iya dace da na hannu. Gaskiya ne, kuma an yi shi ne don ratsa igiyar bakin yashi, sai dai faɗinsa mita 2.4 ya fi ƙofar ɗan yayata, ba shi da ma'ajin kaya, kuma wanda ya hau shi a jiƙe yake yini.

Yanzu sai a dubi ruwan da za a shiga, domin duk waɗannan jirage an zana su ne don gaɓar Ingila ko Ostireliya ko Niyu Zilan ko Amurka, inda ake da lunguna da tsibirai masu yawa da ake fakewa. Gaɓar Nijeriya daga Badagiri zuwa gabashin Leki doguwar shimfiɗar yashi ce a buɗe, manyan raƙuman ruwa daga kudancin Atlantika suna fashewa a kanta dare da rana, sun fi tsanani kuma da damina lokacin da iskar kudu maso yamma ke kaɗawa. Babu ɗaya daga cikin biyar ɗin da zan yarda a kutsa da shi cikin wannan fashewa da kaya a ciki. Zangon da hankali zai ɗauka yana bayan yashin ne, a mashigin Badagiri, da tafkin Legas, da na Epe da Leki, inda ruwa ba shi da zurfi, cikar teku da janyewarta ba su wuce kimanin mita ɗaya ba, amma akwai gadoji irin su Carter da Eko da Falomo, da kainuwa da kan toshe hanya a wasu watanni, da jiragen fasinja masu gudu. A irin wannan wuri gajeren jigon da mutum ɗaya zai zare ya kwantar cikin minti biyu ya fi dogo mai wayoyi daraja, ko da yake na Wayfarer ma ana iya kwantar da shi a kan ƙusarsa idan akwai mai taimako.

Hadari shi ne abu na biyu. Duk wanda ya girma a Zariya ya san yadda gabas ke yin baƙi a farkon damina da ƙarshenta, iska ta ɗauke ɗif na ɗan lokaci, sa'an nan ta zo gaba ɗaya da ƙura kafin ruwa ya sauka. Haka take yi a kan tafki, sai dai a can babu zauren da za a ruga. Abin da ke ceton mutum shi ne saurin sauke ƙyalle. Ƙyalle mai kusurwa huɗu irin na SCAMP da Goat Island Skiff igiya ɗaya ake saki, nauyin sandar sama ya jawo shi ƙasa nan take. Na Wayfarer yana bin kwarmin jigo ne, idan iska ta cika shi sai an ja da hannu. A wannan ma'auni na ba SCAMP da Navigator gaba, domin na farko yana yafe kuskure, na biyu kuma yana tsayawa da kansa yayin da ake gyara.

Batun kwana kuwa, wanda bai je ba yakan zaci duk inda ya ga fili zai kafa tanti. Yawancin bakin tafkunan kudu laka ce da itatuwan fadama masu saiwa a waje, inda aka sami tudu kuma yana da masu shi, sai an gaida bale, wato mai garin, an nemi izini, kamar dai yadda baƙo ba zai shimfiɗa tabarma a gonar mutum a Giwa ko Soba ba tare da sallama ba. Sau da yawa abin da ya fi sauƙi shi ne a jefa anka, wato ƙarfen da ke riƙe jirgi a wuri ɗaya, nesa kaɗan da gaɓa, inda iska ke rage sauro, a ɗaura tamfol da gidan sauro a kwana a ciki. Na sa ɗan yayata ya zana faɗin daɓen kowane jirgi da gawayi a kan simintin tsakar gida, shi da ƙaninsa suka kwanta a ciki, muka jera jarkar lita 25, da risho, da tukunya, da buhun garin rogo, da jakunkuna biyu. A zanen SCAMP ƙafar ƙanin tana kan jarka, gwiwarsa a cikin yayansa. A na Navigator sun kwanta kafaɗa da kafaɗa, matuƙar an cike tsakanin kujerun da alluna. Ruwan sha da girki shi ne kaya mafi nauyi, kimanin lita biyar ga kowane mutum a yini, alwala kuwa ruwan teku ya wadatar, tun da mai tsarki ne mai tsarkakewa.

Sai gini, wanda yanayin Zariya ke da ta cewa a kansa. Jirgin falanki irin na masuntan Yawuri yana son zama cikin ruwa, idan aka ajiye shi a tsakar gida hunturu ya bi ta kansa, katakan za su tsuke, haɗin ya buɗe har a hango rana ta ciki. Filawud da aka shafe da gam ɗin ifoksi ciki da waje ba ya wannan motsi, shi ya sa na fi karkata ga ukun ƙarshe. Sharaɗin shi ne filawud ɗin ya zama na ruwa na gaske, wanda akan yi da itacen okume na Gabon bisa ma'aunin BS 1088. Na taɓa sayen wani falle a wurin 'yan katako, mai shagon yana rantsuwa cewa na jirgi ne, na yanki ɗan guntu kamar tafin hannu na jefa a tukunya ya tafasa. Kafin a yi kiran magariba ya rabu falle-falle kamar littafin da ruwa ya doka. Kafintan da ke tare da ni ya juya shi a hannu ya ce: "Alhaji, wannan ko silin ban yarda da shi ba." Tun daga ranar ba na biyan kuɗin filawud sai na dafa samfurinsa na sa'o'i, ya bushe, na sake dafawa.

Gam ɗin ma akwai tarko a cikinsa, domin ruwan faiba da masu gyaran jikin mota ke amfani da shi ba ifoksi ba ne, kuma ba ya riƙe katako yadda ake bukata. Ifoksi na gaske yana saurin daskarewa a zafin Maris da Afrilu, don haka sai a dama kaɗan-kaɗan da sanyin safiya, fenti kuma a guji yin sa ranar da ƙurar hunturu ta sauko. Maɗaci da loko suna da kyau wurin gefuna da inda ake ɗaure ƙarfe, amma sun yi wa jigo nauyi, gara a nemi katako mara nauyi mai miƙaƙƙen zare ko bututun alminiyam. Ƙyallen gwaji na farko masu ɗinkin tamfol na Sabon Gari za su iya ɗinka shi idan aka ba su awo daidai, musamman mai kusurwa huɗu, kafin a yi odar na yadin Dacron. Idan an gama, a ɗora jirgin a kan ƙarfe nesa da ƙasa saboda gara, a kuma rufe shi daga rana. Amalanken da mota za ta ja shi da shi, a sa mai walda ya yi shi da tayar ƙaramar mota wadda kowane mai faci tsakanin Kaduna da Ibadan yake da irinta, domin ƙananan tayoyin da ake gani a hotunan Turai ba za su jure ramuka da zafin kwalta ba.

Hukuncin da na yanke masa shi ne Navigator, idan da gaske mutum biyu ne za su riƙa tafiya kuma yana da haƙurin aikin shekara guda na ƙarshen mako. Yana shiga ƙofarsa da 'yar rata, ƙaramar mota tana jan sa, mutum biyu suna iya gangara shi a kan yashi bisa robobin da ake hurawa ko guntayen bututu, allonsa yana yafe kututture, kuma ana kwana a cikinsa. Da shi kaɗai zai riƙa fita, da SCAMP na ce, ba tare da jinkiri ba. Goat Island Skiff na ba wa wanda kuɗinsa da lokacinsa suka yi kaɗan, wanda ke son ya koyi tuƙi sosai a madatsar Tiga ko Shiroro ya dawo gida da yamma, kuma ba asara ba ce mutum ya fara da shi ya koyi aikin ifoksi kafin ya taɓa babba. Wayfarer sai ga wanda ya riga ya ƙware kuma ya dace da na hannu mai lafiya, Lugger kuma ga mai iyali da ke zaune kusa da ruwa, mai wurin ajiya a can.

Ya tattara takardunsa ya bar ta Navigator a sama, sai na ƙara masa sharaɗi ɗaya wanda ban yarda a yi ciniki a kansa ba. Kafin jirgin ya ga Legas, za mu kai shi ruwa mai lafawa kusa da gida, bayan an nemi izinin masu kula da wurin, shi da ƙaninsa kowa da rigar kariya a ɗaure, mu ɗora jarkoki daidai nauyin kayan tafiya, su kifar da shi da gangan, su tayar, su hau, su kwarfe, ni kuwa ina bakin ruwa da agogo. Za su maimaita har sai kowannensu ya iya yi shi kaɗai, sa'an nan su wuce asibiti a duba su saboda tsargiya, wadda ba a rasa ta a ruwan madatsun ƙasar nan. Ya ce: "To Kawu, idan ƙanin nawa ya ƙi shiga fa?" Na ce masa ya mayar da takardar SCAMP sama.